Kwali a Bakin Mashigar Iska

Radovan ya gaji da hawa benen nan, wallahi ya gaji. Tun kaka yake fama da wani ginin binciken magunguna a garin Niš. Ya cire tsofaffin fankokin da ke shan wuta dare da rana, ya sa sababbi masu rage gudu da zarar an sauke gilashin akwatunan da ke zuƙe tururin sinadarai. Ko'ina aiki ya yi kyau ban da ɗaki ɗaya a hawa na uku. Can kullum ƙararrawa na kuka, kullum sai an kira shi.

Yana shiga wari ya daki hancinsa. Ya ɗaga kai, sai ga kwalin biskit an manne shi tsaf a bakin mashigar iskar da ke rufi.

"Haba, Inna Ljubinka! Kin sake?"

Ljubinka, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin, ko juyowa ba ta yi ba daga kwalaben da take wankewa.

"Na sake, gobe ma in sake. Kai injiniya ne ko mai aika mutane lahira? Promaja ka sakar wa yarinyar nan a ƙeya, ga ta da cikin wata shida."

Yarinyar ita ce Tijana, wadda teburinta ke daidai ƙasan mashigar. Ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba.

Radovan bai yi dariya ba. Shi ma da tsoron promaja aka tashe shi, iskar nan mai ratsa ɗaki ta sandarar da wuya ta karkatar da baki. Ga furfura a kansa, amma har yau ba ya buɗe tagogin mota biyu a tare. Gardama kuwa ba shi da sauran ƙarfinta. Ya ciro ɗan bututun gwaji daga aljihu, ya fesa farin hayaƙi a bakin akwatin da Tijana ke aiki.

Hayaƙin bai shiga ba. Ya yi ɗan shawagi, ya juyo, ya nufi fuskar Tijana.

"Akwatin ba ya zuƙar iska sai wata ta shigo ɗakin, Inna. Kin toshe mata hanya. Abin da Tijana ke shaƙa ke nan, ita da na cikinta."

Tijana ta ce a hankali, "Ashe shi ne ciwon kan nan. Na ɗauka laulayi ne."

Ya hau kujera, gwiwa na ƙara, ya ɓamɓare kwalin, ya sake fesawa. Hayaƙin ya shige akwatin zuruf. Ljubinka ta ajiye jiƙaƙƙiyar kwalbar da ke hannunta.

"To, iskar fa? A kan wa za ta sauka?"

"Ba zan iya matsar da bututun ba, Inna, ginin ya tsufa. Ɗakin kuma kina ganinsa, teburi biyu kawai yake ɗauka."

Mako ya zagayo ba a kira shi ba. Shirun ya dame shi, don ya san halin mutanensa, suna iya cire wayar ƙararrawar su huta. Ya sake jan ƙafa ya hau.

Babu kwali, babu wari. An musanya teburan. Tijana na can kusa da bango tana rubutu, Ljubinka kuma na zaune a ƙasan mashigar, rigar sanyi biyu a jikinta, ta naɗe wuya da mayafin ulu, iska na kaɗa furfurarta. Da ya gaishe ta, duk jikinta ta juyo, don wuyan ya ƙi juyawa. Tausayi ya kama Radovan.

"Ka gani ko, injiniya? Na ce maka tana kamawa."

"Inna, ai da kin..."

"Saura wata uku ta haihu, zan iya." Ta kore shi da hannu. "Kai kuma matsa daga nan, kada ta kama ka."

Radovan ya matsa.