Ruwan Azurfar Tambari

"Ruwan rijiya kika zuba mini a kwalba, Fatsuma! Shi ya ɓata maganin!"

"Malam, damina ta wuce. Ina zan samo maka ruwan sama? Gajimare zan tatso?"

Hajjo, uwar Fatsuma, tana cikin ɗaki da jikarta Asma'u a cinya, tana jin komai. Tun da ta aurar da ɗiyarta ga Tambari mai gyaran rediyo a Kalgo ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ta kama sunansa. Suruki ne, da kunya. Da hantsin nan ta sauka daga motar Gwandu, don an ce mata tarin yarinyar ya ƙi tafiya.

Ashe tarin mai sauƙi ne. Dasashin yarinya ya yi toka-toka, faratanta sun yi shuɗi, fuskar kamar an shafa mata tokar murhu. Hajjo ta sa soso da sabulu ta cuɗa har Asma'u ta yi kuka. Ko gezau.

Matan maƙwabta, Allah ya ba su baki, tun a zaure suka zayyane mata. Wai wani direban tirela ne ya gaya wa Tambari ruwan azurfa na kashe kowace cuta. Sai mutumin naku ya datse munduwar azurfar da Hajjo ta ba Fatsuma ranar aure, ya laƙa mata wayoyi da batir, ya tsoma a ruwa cikin kwalba mai faɗin baki. Tun bara yake ɗura wa Asma'u ruwan safe da yamma. Shi ma yana kurɓa, har leɓɓansa sun fara rinewa, amma wa zai gaya masa?

"Na aika a sayo ruwan batir wajen makanike," in ji Tambari a tsakar gida. "Babu kanwa, babu gishiri. Da shi za ta washe. Miƙo ta nan ta shanye ragowar."

Fatsuma ta zuba ragowar maganin a kofi. Hajjo ta ji takun ɗiyarta yana nufo ɗakin, sannu-sannu, da cokali yana ƙara a kofi.

Tsohuwa ta saɓa jikarta a baya, ta ɗaure zani tamau, ta fito kai babu mayafi. Ta tsaya gaban surukinta, ta dube shi tsakiyar ido.

"Tambari."

Kofin ya suɓuce daga hannun Fatsuma.

"Kai Tambari, da kai nake. Ba rijiya ba ce, ba sama ba ce. Je ka duba bakinka a madubi."

"Inna, ki bari in yi miki bayani…"

Ta sa hannu cikin kwalbar ta tsamo guntayen munduwarta, wayoyi na reto, ta ƙulle su a gefen zani.

"Asibiti za ni da ita. In sun ce launin nan ba ya fita, kai za ka gaya mata dalili ran da ta girma."

Ta fice, ta buga ƙyauren kwanon har kwalbar ta gangaro daga kan benci.