Takalmin da Joel Ya Kawo

A Rikoto cewa ake yi, ko ruwa ka ba Saja Dawuda sai ya leƙa gindin kofin kafin ya sha. Tsofaffin sojojin da suka yi aiki tare sun ce tun a bariki haka yake. Matan coci kuwa sun ce abin ya ƙaru ne tun ranar godiyar girbi, da sabon takalminsa ya buɗe baki a tsakiyar coci, yana gaba ɗauke da damin dawa, yara na ƙunshe dariya.

Yau ma takalmi ne a hammatarsa, cikin leda, ya nufi kasuwa. Joel ne ya kawo masa jiya, ɗan kabu-kabun nan da ke neman 'yarsa Joyce. Baƙi ne, na fata, da tambarin wani babban kamfani a tafinsa. Da yamma dattawan su Joel za su zo daga Kanya jin amsa. Shi kuwa ya riga ya yanke a ransa: in takalmin jabu ne, yaron ma jabu ne, ba zai ba shi 'ya ba.

Lawwali mai takalma ya karɓa, ya juya shi, ya lanƙwasa, ya sansana.

"Saja, wanga ina ka samo shi?"

"Kai dai faɗa mini. Na asali ne ko jabu?"

"Kamar na asali."

"Kamar?"

"To, mi zan ce? Mutanen ga sun ƙware. Tambari iri ɗaya, kwali iri ɗaya, har ƙamshin fata suna fesawa. Ni da nike sayarwa, bara sun yi mini. Hanya biyu ce: ko ka sa shi damina guda, ko ka tsaga ka ga cikinshi. In kwali ne da gam, ka gani." Ya yi dariya. "Ko ka bar mini shi, in ba ka mai ƙyalli."

Dawuda ya fizge kayansa. Duk hanyar gida yana tunani. In jabu ne, me ya sa Lawwali yake so? In kuma na asali ne, me ya hana shi faɗa kai tsaye? Wataƙila ma Joel ya riga shi zuwa. Ai 'yan kabu-kabu a bakin rumfar Lawwali suke tsayawa.

Ya tarar da matarsa Monica tana wanke tukwanen da za a dafa wa baƙi abinci. Ya kifa turmi, ya ɗora takalmin a kai, ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa.

"Baban Joyce, me za ka yanka?"

"A zamaninmu golmo muke yi, noman neman aure," in ji shi. "Gonar babanki na yi ta noma har ya yarda da ni. Gumi ba shi da jabu. Yanzu yaro ya kawo abu a leda, a ce a ba shi 'ya?"

"Joyce ta ce tun kaka Joel yake tara kuɗin. Har Kaduna ya je, shagon kamfanin."

"A Kaduna ba a ƙarya?"

"Babana bai tsaga ka ba."

Dawuda ya sunkuya kan turmin. Ya sa bakin wuƙa tsakanin tafi da fatar takalmin ƙafar dama. Ya yi zaton zai ɓare kamar ɓawon rogo, sai wuƙar ta cije. Ya danna da ƙarfi har jijiyar hannunsa ta tashi. Zare ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya buɗe, babu kwali, babu ƙurar gam. Fata ce bisa fata, da ɗinki a jere, ƙanana, irin na takalman fareti da aka ba su shekarar da ya shiga soja.

Ya daɗe yana kallo. Ya matse bakin biyu da yatsa, ya saki, suka sake buɗewa. Monica ta koma ga tukwanenta.

Suna haka babur ya tsaya a ƙofa. Joel ya shigo da sallama, ɗauke da kujerun roba da ya aro wa dattawa. Ya sauke, ya durƙusa.

"Baba, barka da rana. Mama, sannu da aiki."

Daga inda yake, ƙafar hagun kawai yake gani, Dawuda ya tare ɗayar da jikinsa.

"Baba, ka gwada? Da zare Joyce ta auno mini tsohon naka, ina tsoron ko bai yi ba. In ya matse, kada ka ji nauyi. Masu shagon sun ce in dai ba a taɓa shi ba, a mayar su canja."

Monica ta daina gogar tukunya.

Dawuda ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Zai iya cewa da kansa ya ɓare, yaron kuma ba zai musa ba, sai dai ya koma Kaduna yana rigima da mutanen da ba su cuce shi ba. Ya ajiye wuƙar a ƙasa, ya matsa gefe.

Joel ya ga takalmin. Ya kalli wuƙar, ya sake kallon takalmin, sannan ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

"Tashi ka zauna a kujera," in ji Dawuda.

"Nan ma ya isa, Baba."

"Na ce ka tashi."

Joel ya zauna a bakin kujerar. Tsohon ya tsaya a gabansa, hannayensa a gefe, ya gyara murya.

"Kayanka na gaske ne. Ni ne ban yarda da kai ba. Joel, ɗana, na yi maka laifi. Ka yafe mini."