Ƙyallen da Ya Faɗi a Ƙofar Gogo

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, sanƙarau ya shigo Jimeta tare da zafin bazara. Kafin mako uku gadajen asibiti sun cika, aka kafa rumfunan zana a wani fili can bayan gari, aka riƙa kai masu ciwon can. Ni Jalo, malamin asibiti ne a lokacin, shekarata ashirin da tara, kuma ina ji da kaina fiye da yadda ilimina ya kai. Likitanmu ya kafa doka, ya ce duk wanda zai shiga rumfa, ma'aikaci ne ko ɗan dubiya, sai ya ɗaura farin ƙyalle ya rufe hanci da baki, don cutar a numfashi take bi. Ya dudduba cikinmu ya ce ni zan tsare dokar, ya miƙo mini littafi da biro na rubuta sunan duk wanda ya karya. Ranar har hular kaina sai da na gyara mata zama.

Mutanen gari ba su ɓata lokaci ba, suka raɗa wa ƙyallen suna takunkumi, irin wanda ake sa wa jaki kada ya ci hatsin mutane. A teburin mai shayi na bakin tasha, inda nake karyawa kowace safiya, babu wata hira sai tasa. Malam Silas, wani malamin makaranta mai son gardama, ya ce shi ya gwada: ya ɗaura ƙyallen ya bi ta wurin masu banda kifi a bakin Binuwai, babu ƙaurin da bai shaƙa ba. Abin da ya kasa tare ƙaurin kifi, in ji shi, ta yaya zai tare cutar da ido ba ya gani? Lado direba ya ce zafi ne kawai ke kawo sanƙarau, kowa ya fito da tabarmarsa waje ya kwana, ruwan farko na sauka an gama. Wasu kuma suna cewa tun da aka fara ɗaurawa ma'aikata biyu kacal suka kamu, ai ko wannan ya isa shaida. Ni ne babban mai kare takunkumi a teburin nan. Na kira Lado jahili a gaban mutane, na ce wa Malam Silas ya koma ya koyar da yara baƙi da wasali ya bar wa masu abu abinsu.

Abin da ban taɓa faɗa musu ba, na tambayi Likita wata rana muna mu biyu ko ƙyallen nan yana tarewa da gaske. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba zai rantse ba, amma ya fi babu, kuma ba shi da wani abin da zai ba mu. Na haɗiye wannan magana na bar ta a cikina, na ci gaba da cika baki.

Cikin masu jinya a rumfunan akwai Edna. 'Yar ƙasar Numan ce, tana zaune a unguwar Karewa da 'ya'yanta uku, mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba. Aikin nan shi ne abincinsu, kowa ya sani. Hannunta yana da sauƙi a allura, ta kuma karɓi haihuwa a gidaje da yawa har cikin Yola, ciki har da gidanmu. Laifinta ɗaya a wurina, tana yi mini dariya. In na shigo da littafina sai ta ce wa sauran, ga sarkin takunkumi ya iso, kowa ya duba igiyarsa. Su yi ta ƙyalƙyata a bayan ƙyallayensu, ni kuwa abin yana cina.

Wata Laraba aka kawo wani dattijo Bafillace daga rugar da ke hayin kogi. Wuyansa ya fara ƙagewa amma yana cikin hankalinsa sarai. Edna ta durƙusa ta miƙa masa ƙwayoyi da ruwa, ya dube ta sau ɗaya, ya juya fuska ga zana. Ta lallashe shi da Hausa, ta lallashe shi da ɗan Fillancin da ta iya, ko motsi bai yi ba. Ni na san abin da ke damunsa, don ni ma Bafillace ne. A wurinmu ba a toshe hanci a gaban mara lafiya. Ka toshe, ka ce masa yana wari ke nan, ka ce masa ya zama mushe tun yana numfashi. Mutum irin wannan zai zaɓi mutuwa da ya karɓi ruwa daga hannun wanda ya yi masa haka.

Edna ta waiga, ta ganni tsaye a bakin rumfa. Duk da haka ta sa yatsa ta sauke ƙyallen zuwa haɓa, ta gaishe shi da fuskarta a buɗe. Dattijon ya juyo, ya haɗiye ƙwayoyin, ya sha ruwa. Ta mai da ƙyallenta. Duka abin bai kai a karanta Fatiha sau biyu ba.

Na buɗe littafi na rubuta sunanta.

Da ta fito ta same ni a inuwa. "Malam Jalo, kai ma ka gani. Baban nan ba zai sha ba in ban buɗe ba."

Na ce mata doka doka ce, ba ni na kafa ta ba. Kafin la'asar na kai wa Likita, har na ƙara da nawa, na ce dama ta saba raina dokar a gaban ma'aikata. Likita ya dakatar da ita, ya ce ranar Litinin za a zauna. In aka ga larura ce, gargaɗi kawai za a yi mata. In aka ga ganganci ne, takarda za ta tafi hedikwata a Maiduguri, aikinta ya ƙare. Kuma ni kaɗai ne shaida.

Ranar Asabar da hantsi sai ga ɗan'uwana Hamman a kan babur daga unguwarmu Wuro Hausa a Yola, ya ce Gogo ba ta da lafiya, kai da wuya, kuma ta rantse ba mai kai ta rumfar zana. Gogo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta goya ni bayan uwata ta rasu, ita ta tauna mini abinci, ita ta wanke mini kashi da fitsari har na yi wayo. Na hau bayan babur muka kama hanyar Yola, takunkumina a aljihu.

A zaure na ɗaura shi. Baffannina suna zaune kan tabarma, suka bi ni da kallo, kallon nan kuwa ya fi zagi. Na daure na wuce. Na ɗaga labulen ɗakinta na yi sallama. Tana kwance kan gadon kara, ta rame a kwana biyu kacal, idonta ya faɗa. Ta juyo da ƙyar ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Jalo," ta ce da Fillanci, a hankali, "har na fara wari ne?"

Ban san lokacin da hannuna ya kai ƙeya ba. Na fizge igiyar har ta tsinke, na jefar da ƙyallen a bakin ƙofa. Na zauna a gefen gadon, na kama hannunta, na sunkuya har goshina ya taɓa nata don in ji zafin jikinta. Na ce mata ƙura ce ta hanya na tare, ba wani abu ba. Ban tuna da Likita ba, ban tuna da littafi ba, ban tuna da numfashi ba.

Ina nan zaune na ji sallamar mace a ƙofa. Ashe kafin Hamman ya zo wurina, matata Asta ta riga ta aika Karewa a kira Edna, don ta san Gogo tana jin maganarta tun haihuwar ɗanmu na fari. Edna ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ta dubi fuskata a buɗe, ta dubi ƙasa inda ƙyallen yake yashe kusa da ƙafarta. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Edna ta juya ta karɓi mayafin Asta, ta yafa, ta ja gefensa ta rufe baki da hanci yadda suruka ke yi a gaban uwar miji, ta shigo ta durƙusa tana gaisuwa kanta a ƙasa. Gogo har ta yi ɗan murmushi, ta ce 'yar nan ta fi 'ya'yan gidan kunya. Da bakinta a rufe haka Edna ta yi ta lallashinta har azahar. Ta ce mata ba rumfar mutuwa ba ce, mutane suna fita da ƙafarsu. Ta ce ita yanzu ba ta zuwa aiki, amma za ta gaya wa ƙawarta ta kula da ita kamar uwa. Ko da wasa ba ta faɗi dalilin da ya hana ta zuwa aikin ba. Kafin la'asar Gogo ta yarda, aka samo mota aka kai ta, aka fara mata allura.

Ranar Lahadi wuni na yi ina shirya abin da zan faɗa. Na ce zan shiga ofis in ce wa Likita na yi kuskure, larura ce, ni ma an jarrabe ni na faɗi. Na maimaita jimlolin a raina har na haddace. Da safiyar Litinin na biya teburin shayi, sai Lado ya tare ni da cewa ya ji an kai gyatumata rumfa, to ina takunkumin bai tare ba? Malam Silas ya ce a bar sarki ya sha shayinsa, yau ranar shari'a ce. Aka yi dariya. Na ajiye kofin ban shanye ba. A hanya na riƙa ganin yadda teburin nan zai kwashe in labari ya fita cewa Jalo da kansa ya cire.

Mu huɗu ne a ofis: Likita, da babbar mai jinya, da Edna, da ni. Edna ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce dattijon yana nan da rai, jiya ma ya zauna ya sha kunu. Likita ya jinjina kai, na ga a fuskarsa yana neman hanyar da zai sake ta. Ya juyo gare ni.

"Malam Jalo, kai ɗan ƙasar nan ne, ka san mutanenka. Ka gaya mini gaskiya. Akwai halin da kai kanka za ka shiga ka cire ƙyallen nan a gaban mai sanƙarau?"

Edna tana zaune a gefena, ba ta fi taku biyu ba. Kalma ɗaya daga bakina ta ishe ta. In na kasa, kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta tsirar da kanta ta binne ni.

Na ce, "Babu, Likita."

Na jira ta yi magana. Wallahi har roƙo na yi a raina ta yi, ta tona ni a huta. Ta sunkuyar da kai tana kallon hannayenta. Likita ya tambaye ta ko tana da abin ƙarawa, ta ce ba ta da shi. Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo takarda ya fara rubutu.

Gogo ta warke, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kullum tana sa wa Edna albarka, tana tambayata me ya sa 'yar nan ta koma Numan ba sallama. Ni ma ban kamu ba, ko ciwon kai ban yi ba. Ruwa ya sauka a ƙarshen wata, cutar ta lafa, Lado ya ce ga maganarsa ta fito, masu takunkumi suka ce tasu ce ta fito. Ni dai daga wannan Litinin ban sake sa baki a gardamar ba.

Amma ba wannan nake son faɗa ba. Da muka fito daga ofis ranar, na bi ta bayan ɗakin magani don kada mu haɗu. Sai na same ta tsaye a can, kamar ta san hanyar da zan bi. Ta buɗe jakarta ta ciro wani abu a ninke, fari fat, an goge shi da dutsen guga. Takunkumina ne. Ta ɗinke igiyar da na tsinka da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere.

"Ya faɗi a ƙofan Gogo," ta ce. "Na dafa shi da ruwan zafi, ba komai a jiki. Ka riƙa sa in za ka duba Gogo a rumfa, Malam Jalo. Kana da yara a gida."

Ta sa mini a hannu. Ma'aikata suna wucewa, wasu sun tsaya suna kallonmu. Na kasa ce mata na gode, na kasa ce mata ta yafe mini. Na ɗaga ƙyallen na ɗaura a nan tsakar rana, nesa da kowace rumfa, na ja shi sama har ya kusa rufe mini ido, na tsaya a wurin har ta fita daga ƙofar asibiti.