Mai Askin da Ya Ƙi Aski

Shekara arba'in Baba Mai Aski yana tsaye a bayan ƙeyar mutane. Ranar da hannunsa ya yi rawa har reza ta tsaga kunnen wani direba, babban ɗansa, wanda suke aiki tare a shagon, ya karɓi rezar a hankali ya ce, "Baba, je ka gida ka huta." Ya tafi kuwa. Wata huɗu bai sake taka ƙofar shagon ba, kuma tsakaninsa da ɗan sai amsa gaisuwa.

Hutun bai karɓe shi ba. Abinci ya fita ransa, ya rame, ya daina leƙa ko ƙofar gida. Gashi ya taru masa buzu-buzu, shi da bai taɓa barin wani ya tashi daga kujerarsa da silin gashi a karkace ba. Wurin ɗansa ba zai je ba, zuwa wurin wani mai askin kuma abin kunya ne. Da matarsa ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta tasa shi gaba sai asibiti. Aka auna nan, aka auna can, aka tura su ɗakin ƙarshe, wurin likitar damuwa.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Ɗakin nata kujera biyu ne, da tebur, da taga mai gilashi. Da ya ji cewa maganin nata magana ne, sai ya yi tsaki.

"Magana? 'Yata, ni da na shekara arba'in ina raba ta kyauta?"

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. "Baba, sati goma sha biyu za mu yi, sau ɗaya a sati. Rawar hannunka ba aikina ba ce. Aikina mu gano tsakaninka da wa abu ya ɓaci lokacin da damuwar nan ta fara, mu gyara. In can ya gyaru, zuciya takan biyo baya."

Ta zana da'ira uku a takarda, wata cikin wata, ta ce ya sa mutanensa, na kusa a tsakiya. Ya sa matarsa a tsakiya. Da'irar waje ya cika ta maƙil da masu zuwa aski: mai sanƙo, mai ƙeya biyu, malamin makarantar da ke barci da zarar an ɗaura masa ƙyalle. Ɗansa kuwa, can gefen takardar ya rubuta shi, inda babu da'ira. Da wani likitan ne, da ya hau wa'azi. Ita tambaya ɗaya ta yi, yaushe ɗan ya koma can.

A sati na huɗu ya ba ta labarin rezar. A na biyar ta juyo da kujerarta ta fuskance shi.

"Ɗauka ni ce ɗanka. Faɗa mini abin da ke ranka."

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli takalminsa. Mutumin da ba a raba shi da zance, ga shi harshe ya yi masa nauyi. Haka aka yi a sati na shida da na bakwai. Ba ta matsa masa ba, ba ta kuma ƙyale shi ba. Irin wannan haƙuri ba a makaranta kaɗai ake koyonsa ba.

A sati na takwas iska ta taso da ruwa. Likita ta tashi ta ja taga, ta ba shi baya. Hadari ya duhunta waje, gilashin ya koma kamar madubi, idanunsu suka haɗu a ciki. Nan take magana ta ɓalle masa.

"Ai korata ka yi! A gaban mutane! Ni na koya maka riƙe almakashi!"

Ba ta juyo ba sai da ya kai aya. Sannan ta zauna ta ce, "Baba, shekara arba'in ɗin nan, ta ina kake kallon mutane in kana hira da su?"

Karo na farko cikin wata shida ya yi murmushi.

"A shagon akwai madubi, ko?" in ji ta.

Washegari da hantsi ya shiga shagon. Hira ta tsaya cak. Bai kalli kowa ba, ya hau kujerar aski ya zauna. Ɗansa ya ɗauko ƙyalle ya ɗaura masa a wuya, ya tsaya a bayansa, suka kalli juna ta madubi.

"Ka kore ni," in ji Baba.

"Wallahi Baba tsoro na ji. Kada a yi maka dariya ina tsaye."

"Aski ya fi ƙarfina, na sani. Ba reza nake kewa ba. Mutanena nake kewa, har da kai."

Ɗan ya nuna masa tsohuwar kujerar katako da ke gefen madubi, wadda Baba kan zauna a kai yana hira, an ɗora mata tawul a ninke. "Tun ranar ban bar kowa ya zauna a kanta ba. Kullum sai sun tambaye ka. Ni ban iya hira ba, Baba. Na zaci fushi kake, ba ka son ganina."

Direban nan mai tabo a kunne yana layi. Ya ce gaskiya ne, aski babu labari ai azaba ce. Aka kwashe da dariya, ban da ɗan, wanda ya ɗauki almakashi idanunsa cike da hawaye. Gashin wata shida ya fara zuba a ƙyalle. Baba ya lura a madubi cewa hannun da ke kusa da kunnensa rawa yake.

"Tsayar da hannunka, yaro," ya ce. "In ka tsage mini kunne, gida zan tura ka ka huta."