Abin da Ba a Faɗa a Gaban Ɗan Fari

Mardiya ta gaji da asibiti. Tun bayan ƙaramar salla take jele tsakanin unguwarsu ta Soron Ɗinki da layin ganin likita, mara na ciwo, jiki na zubewa, har zani ya fara yi mata yawa. Hoto ya nuna ƙari a ƙasan cikinta. Aka ce ya yi kama da ciwon daji, aka fara maganar yi mata aiki. Ta riga ta bi maƙwabta ta nemi gafara.

Kullum Sadiƙ ke raka ta, ɗanta na fari, magidanci da gemunsa, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. Shi kuwa sarkin biyayya, ba ya tsayawa a ƙofa, sai ya shiga ya zauna kusa da ita. Duk likitan da ya tambaya ko ta taɓa yin tsarin tazarar haihuwa, sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a.

Ranar da suka faɗa hannun likita Hassana, sai ta lura majinyaciyar "wannan yaron" kawai take cewa.

"Malam, ɗan ba mu wuri," in ji likitar. Da ya fita ta maimaita tambayar.

Mardiya ta daɗe tana murza bakin mayafi. "An sa mini robar mahaifa bayan haihuwar auta. Ta shekara fiye da goma. Bara da ciwon ya fara na je aka cire, ban gaya wa kowa ba."

Likitar ta ajiye biro. "Mama, akwai wata ƙwayar cuta da ke bin robar in ta daɗe, ta yi ƙari kamar daji. Ba a cika ganinta ba. Sai mun ɗebi tsoka mun auna kafin a taɓa ki da wuƙa."

Awon ya fito, ƙwayar ce. Aka soke aikin, aka ɗora ta a kan allura da magani na watanni. Murnar ma ba ta da ƙarfin yi.

A cikin adaidaita sahu Sadiƙ ya yi ta mita. "Inna, duk wahalar nan a banza. Likitocin farko ko tambayar kirki ba su yi miki ba."

Ta juya fuska wajen titi. "Sun tambaya," ta ce.