Ramin Wayar Toranke

Da gwamnati ta ce za ta ja wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa daga Gaya zuwa ƙauyukan Ajingi, sai aka bi gari-gari ana ɗaukar masu haƙa. A Toranke kuwa ai ba sai an yi shawara ba. Wa ya kai Inuwa iya diga? Tun yana saurayi shi ke haƙa kabarin duk wanda ya rasu a garin.

Injiniya Sa'idu, mai kula da aikin, ya nuna masa gindin wata ɗorawa a bakin hanya, ya ce, "Baba, nan za a binne akwatin simintin da ake haɗa wayoyi a ciki. Yi mana rami mai kusurwa huɗu."

Inuwa ya yi bisimilla ya shiga haƙa, amma hankalinsa na gida. Matarsa Larai na kwance, zazzaɓi ya ƙi sakinta, ko kunu ba ya zama a cikinta. Hannu na aiki, zuciya na wani wuri. Sai da ya fito yana share gumi ya lura abokan aikin sun yi cirko-cirko.

Kabari ya haƙa. Dogo, kudu da arewa, har da ƙaramin ramin nan na ciki daidai kafaɗar mutum, gefensa sumul kamar an shafe da hannu.

Tukur, maƙwabcinsa, ya ce, "Innalillahi! Inuwa, na wa ka haƙa?"

Injiniya ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Baba, sabo turken wawa! Bar shi haka, akwatin zai shiga. Kada wanda ya cike min shi, manya na zuwa daga Kano duba aiki."

Shi dai injiniya ɗan birni ne, ba ruwansa. Amma ko yaro a Toranke ya ji tsofaffi na cewa kabari ba ya zama a buɗe babu mai shi, sai ya kira. Liman ya ce camfi ne, ajali na hannun Allah, Inuwa kuma ya yarda da haka har zuciyarsa. To amma yarda daban, tsoro daban. Akwati bai zo ba, manya ba su zo ba, rami na nan baki buɗe, jikin Larai kuma kullum sai baya yake yi. Awaki ma, da ba sa barin 'ya'yan ɗorawa, suka daina zuwa gindin bishiyar.

Ran nan da rana tsaka, Larai ta samu barci, Inuwa ya yi abin da ko maƙiyinsa ba zai so ya gani ba. Ya zaro karan dawa daga danga, ya auna matarsa tana numfashi, yadda yake auna gawa. Kunya ta kama shi, hawaye na zuba, amma sai da ya karya karan daidai tsawonta.

Ya nufi bakin hanya. Gari ya yi zafi, ba kowa, ko kukan kurciya babu. Ya sauka ya shimfiɗa karan a ramin ciki. Karan ya zauna daram, ba ragi ba ƙari.

Inuwa ya fito daga ramin. Ya ɗauki shebur ya cike ramin, ya tattake. Washegari injiniya ya yi ta faɗa, ya sa sauran ma'aikata su sake buɗewa. Su kuwa ƙasa mai laushi kawai suka bi suna kwashewa, sai ga kabari ya dawo yadda yake, kamar ba a taɓa shi ba.

Da azahar Larai ta daina gane mutane.

Inuwa ya saɓi diga, ya ɗauki karan, ya fita ko takalmi babu. Tun da an hana shi cikewa, to zai ɓata awon. Ya dira cikin ramin, ya dinga saran bangon arewa yana cewa, "Ba nata ba ne! Wallahi ba nata ba ne!" Sai da ya ƙara kamar taƙi guda, ya ga kara ya yi wa rami kaɗan, sannan ya tsaya yana haki.

Tukur ya biyo shi, yana tsaye a sama. Ya dubi ramin, ya dubi Inuwa tun daga kai har ƙafa, ya kawar da fuska.

"Inuwa, ka san tsawon wa ka mayar da shi?"

"Na sani. Miƙo hannu ka fitar da ni."

Da ya shiga gida ya tarar da Larai zaune ta jingina da bango, tana kurɓar kunu, mata na ta hamdala. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ina ka shiga haka duk ƙasa? Zo ka ga, yau har yunwa nake ji."

Farin ciki ya cika shi, tsoro ma haka. Ya zauna kusa da ita a cikin ranar nan mai ƙuna, haƙoransa na haɗuwa.

Ya ce, "Sha abinki. In kin gama, a miƙo min bargo."