Singileti Mai Jin Zuciya

Wata huɗu Injiniya ta yi tana rina ƙyalle ɗaya tal da wata baƙar roba mai ɗaukar lantarki. In ƙyallen ya kwanta a fata, yakan tsinci 'yar wutar da zuciya ke fitarwa ya aika wa kwamfuta. Yau da ƙarfe biyu likitocin zuciya za su gani. In ya yi, su gwada shi a asibiti. In bai yi ba, sai baɗi.

Baffanta tela ta ba wa ya ɗinka ƙyallen a cikin singileti. Da hantsi ya kawo shi falo a ninke. Babanta ya saka, ya baje a kujera.

Ta kunna kwamfuta. Layin bugun zuciya ya miƙe samɓal.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Bai ce komai ba."

"To na mutu ke nan. Tela, sanar da mutanen gida."

"Haba Yaya, wane mamaci ne ke cinye kwano biyu?"

Ta canza batir, ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Sha biyu ta gota. Ta ce Baba ya cire, ta juya cikin singiletin. Wani farin yadi mai santsi ya rufe baƙin ƙyallen ruf.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Shafi mana. Shekara talatin kaya bai taɓa fita daga shagona ba shafi ba. Wannan baƙin abu zan bari ya gogi jikin yayana?"

"Ai gogar jikin ita ce aikin!"

"To, ba ki faɗa ba."

Gaskiyarsa. Ta cika shi da bayanin roba da lantarki, wannan kuwa ba ta faɗa ba.

Ta ɗauki almakashi. Baffa ya riƙe mata hannu.

"Ki yanke ƙyallen ki ce ni ne? Kawo nan."

Ya zaro reza ya shiga farke ɗinkinsa zare-zare yana tsaki, ita tana kallon agogo. Ɗaya da kwata ya gama.

Baba ya sake sakawa. Layin ya yi tsalle, ya faɗo, ya sake yin tsalle. Injiniya ta ƙirga goma kafin ta saki numfashi.

"Ƙaiƙayi yake mini," in ji Baba.

"Ai na faɗa," in ji Baffa.

"Kada ka cire, Baba. Da kai za mu je. Ina takalminka?"